Ɗan'uwan Mainasara Tela

Shekara arba'in da ɗaya Katikis Barnabas ya yi a Daura yana koya wa yaran Katolika cewa Maryamu budurwa ce har abada. Ba mai jan sa da musu sai maƙwabcinsa, Mainasara tela.

"Katikis, littafinku ya ce Annabi Isa na da 'yan'uwa. Ɗan'uwa ai ɗan uwa ne!"

"Kai da kake ce mini ɗan'uwa, Hajiyarku ce ta haife ni?"

Sai su fashe da dariya, gobe a sake.

Bara Mainasara ya rasu. Bayan la'asar Barnabas yakan zauna a kan benci a ƙofar shagon telan da aka rufe. Kowa na gaishe shi da ladabi, "Sannu, Baba," ya wuce.