Muryar namiji a ɗakin mai takaba

Ni na jawo wa yayata maganar, kuma har yau idan na tuna sai in ji haushin kaina. Mijinta ya rasu a hatsarin mota yana dawowa daga Aliero da lodin albasa, ta shiga takaba a gidan iyayensa a Maiyama. Na je dubiya na same ta zaune tana kallon bango, na ga tausayinta, na bar mata tsohuwar wayata. Babu layi a ciki, sai wani wasa da na taɓa saukewa, inda mutum yake zama yaro mai bin wani tsoho mai raƙumi suna neman rijiya a cikin sahara. Tsohon da Turanci yake magana, ita kuma ta fi ni jin Turanci nesa ba kusa ba.

Ba a yi wata ɗaya ba magana ta iso gidanmu a Jega, wai surukarta tana jin muryar namiji a ɗakin mai takaba kullum bayan azahar. Wanda ya san garuruwanmu ya san irin wannan maganar ba ta wankuwa. Da ita za a riƙa nuna yayata, har da 'ya'yanta biyu.

Na hau mashin na tafi raina a ɓace. Da na isa, yayata ta rufe ƙofa ta ce da ni, "Tsohon nan na cikin wasa, wani abu shika yi. Wata rana sai shi bar raƙumin shi juyo shi dube ni, shi ce ba da yaron cikin labari shike ba, da mai riƙe da waya shike. Ran da nim makara, cewa yay yi yau kin daɗe ba ki zo ba."

Ni dai na buga wasan nan sau da dama, bai taɓa kula ni ba, ko da yake ban yi nisa ba. Ina ya san ta makara? Dama ni ban yarda da abin da aka ba ni kyauta ba, kuma wasan nan kyauta na samu. Na raya a raina cewa akwai wani ƙato a wata ƙasa da yake leƙen matan mutane ta idon kyamara. Har yayar tawa sai da na ɗan yi wa kallon tuhuma, Allah ya yafe mini.

Na ɗauke wayar na kai wa wani mai gyara a kasuwar Jega. Ya juya ta, ya yi dariya, ya ce ai babu layi babu data, agogon wayar kawai wasan yake dubawa, kuma kowa ya kai wurin a cikin wasan haka tsohon yake faɗa masa. Dariyar ba ta yi mini ba. Na sa ya liƙe kyamarar da baƙin tef a gabana, ya liƙe yana girgiza kai.

Bayan kwana biyar na koma Maiyama don in wanke yayata. Muka zauna a tsakar gida mu uku da surukarta, na ce, "Inna, ga mai maganar, ki gani da idonki, zane na."

Na kunna. Tsohon yana zaune gefen raƙuminsa, sai ya ɗago kai ya zuba mana ido. Inna ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta ce masa ina wuni. Shi kuwa ya buɗe baki a hankali ya ce ya yi zaton an manta da shi, ya yi ta jira, ya ji daɗi da aka dawo.

"Mi yac ce?" in ji Inna.

Na ce, "Cewa yay yi a ba raƙumi ruwa."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ɗiyata, ban jin Turanci, amma na san muryar wanda yay yi jiran mutum."

Ba ta yi faɗa ba. Ta yarda ba mutum ba ne, ta ce za ta faɗa wa masu magana haka. Amma ta naɗe wayar a ƙyalle ta sa a cikin kwallarta, ta ce ko zane ne, tunda ya san da zaman mutum har yana cigiyarsa, ba zai ƙara shiga ɗakin matar ɗanta ba sai an fita takaba. Saura wata biyu da kwanaki a lokacin. Gaskiya na ji sanyi a raina, don ni ma ban gama yarda da tsohon nan ba.

Yayata ta rako ni bakin zaure, iyakar inda take tsayawa. Na fara ba ta labarin mai gyara da batun agogo don hankalinta ya kwanta. Ta katse ni.

"Na sani agogo na, tun ranar hwarko na gane," ta ce. "Da gangan nika makara wata rana, don in ji an tambaye ni ina nit tsaya."