Ranar da aka zo binciken surutunmu

Muna tsintar waken soya a sito nan Funtua sai ga wata yarinya daga jami'a, wai tana bincike kan zaman ma'aikata. Na ɗauka Alhaji mai siton ne ya turo ta don ya kori masu surutu.

Ta ce, "Iya, da wa kika fi shiri nan?"

Na ce, "'Yar nan, ni ba na kula kowa."

Ƙawata Laraba ta ce, "Ƙarya take! Tun safe take kwaikwayon tafiyar Alhaji!"

Na yi salati. Yarinyar ta tuntsire da dariya, ta rantse ba ta ma san shi ba, irin zaman namu take nema. Sai da na gwada mata tafiyar!

Maƙwabciyata ke rubuta mani wannan labarin. Ku wa ke sa ku dariya wurin aiki?