Marin Da Auta Bai Ji Ba

Guduma ake ce masa, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba. Tafin hannunsa ɗaya ya isa ya rufe fuskar ƙato har ya bar saura. Amma ku ji ikon Allah, mutumin nan har ya yi gemu bai taɓa ɗaga hannu ya doki ɗan adam ba. Tun suna yara uwarsu ta ja masa kunne a kan ƙanensa Auta, wani siriri mai yawan laulayi. Ta ce, "Hannun nan naka ba na wasa ba ne. Ran da ka sauke shi a jikin Auta, ban yafe ba." Ya riƙe maganar nan gam, har ta zame masa jiki.

Kafinta ne tun asali. Lokacin da aka buɗe gidan rediyon yankin, ɗakuna biyu ne kacal a bayan wani tsohon sito, muryarsa ma da ƙyar take kai bakin gari. Guduma aka kira ya buga barguna da kwalayen ƙwai a bango don kada hayaniyar titi ta shiga. Yana kan tsani 'yan wasan kwaikwayo suna gwaji a ƙasa, suka rasa yadda za su yi ƙarar mari. Wannan ya tafa, aka ce kamar ana kiran kaji. Wancan ya bugi cinya, aka ce sauro ya kashe. Guduma ya sauko, ya yayyafa wa wani matashin fata ruwa, ya sauke masa hannu sau ɗaya. Wata 'yar wasa ta dafe kuncinta ba ta sani ba. Daga ranar bai koma shagon kafinta ba.

Akwatin aikinsa abin kallo ne: tiren tsakuwa na takun tafiya, fallen kwanon rufi na tsawa, busassun karare na karya ƙashi, da wata 'yar ƙofa mai sakata da ya haɗa da kansa. Shi ya jawo Auta gidan, aka ga yaron yana da kunne irin na kyanwa. Waya ta ɗan saki a wani lungu, kafin allurar na'ura ta motsa Auta ya riga ya ji. Aka zaunar da shi bayan gilashi, abin sauraro rufe da kunnuwansa, yana haɗa sauti. Da kunnen nan ya yi aure, da shi ya kama haya, da shi yake ciyar da iyalinsa.

A gidan da ma'aikata ba su cika ɗaki ba, kowa aiki uku yake yi. Da aka ƙirƙiro wasan mako-mako na wani azzalumin mai gareji da bakanikensa, Guduma aka ba mai garejin saboda muryarsa, Auta kuwa ya zama bakaniken saboda Allah ya hore masa kuka. Wallahi in ka ji shirin nan sai tsikar jikinka ta tashi. Guduma ya daka tsawa, ya ɗauki katako ya fasa kankana gaban makirufo, ya bi ta da duka har ruwanta ya wanke masa riga, ya karya karare biyu a gwiwa. Auta yana can gefe, taku uku tsakaninsu, yana birgima da murya yana kiran uwarsa. Mata a gidaje suna kuka suna tsine wa mai gareji. Ana kashe jar fitila, 'yan'uwan biyu su zauna a ƙasa su cinye kan bakaniken, suna tofar da 'ya'yan a tiren tsakuwa. Su koma gida tsohuwarsu ta harare su ta ce, "Yau ma an yi asarar kankana ke nan."

Gidan ya yi ta girma. Aka kafa dogon ƙarfen eriya a kan tudu, direbobin manyan motoci suka fara kama tashar daga tafiyar kwana biyu. Aka bar sito aka koma sabon gini mai farfajiya. A shekarar da tsohuwa ta rasu aka sauke manyan akwatuna a ƙofar gidan, aka ce talabijin ta zo. Ni dai na ce Allah ya so baiwar Allah nan da rahama da ya ɗauke ta kafin a buɗe akwatunan.

Kyamara ɗaya ce, hoto baƙi da fari, komai kai tsaye, babu tsayawa babu gyara. Aka kawo sabon darakta, wani ɗan gaye mai sanƙo wanda bakinsa ba ya rabo da "gani ya kori ji". Makon farko da aka mayar da wasan mai gareji talabijin, Guduma ya kai mari, hannun ya wuce taƙi guda daga fuskar Auta, shi kuma wanda aka ba matashin fata ya makara, sai da Auta ya faɗi sannan aka ji tas. Gari ya kwashe da dariya. A teburin mai shayi an yi kwana uku ana kwaikwayonsu.

Darakta ya kira su ofis, sanƙonsa na ƙyalli don fushi.

"Mako mai zuwa ka mare shi."

"Ranka ya daɗe, ƙanena ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"To ai ba dole. Direban motar ɗauko labarai ya daɗe yana roƙona in saka shi a wasa. Shi zai mare shi."

Direban nan kowa ya san shi, tsohon ɗan dambe ne da ya taɓa karya haƙarƙarin mai gadi a kan wurin ajiye mota. Guduma ya fito zuciyarsa na tafasa, ya ce wa Auta su bar wasan baki ɗaya, su koma bayan gilashi da akwatin karare. Amma Auta ya riga ya ɗanɗana. A titi ana nuna shi, masu kanti suna yi masa ƙari, matarsa tana tafiya tana fankama. Ya riƙe rigar wansa ya ce, "Yaya, in dai za a mare ni, gara hannunka. Kai ka san inda za ka sassauta. Kumatu ga su nan, na ba ka. Kunne kawai za ka bar mini, da shi nake ci."

Haka aka shiga dukan gaske. Kada wani ya ce muku akwai sassauci a hannu irin na Guduma, ƙarya ne. Ya rage ƙarfi iya ragewa, amma leɓe ya fashe, haƙori ya girgiɗa, ido ya kumbura ya rufe. Darakta ya ga abin yana karɓuwa sai ya ƙaro bel ɗin injin mota, ya ƙaro shuri a ciki, ya ce a riƙa jan bakaniken da wuyan riga a kan siminti. Duk gidan da ke da talabijin, tagarsa cike take da kawuna. Ana tashi Guduma ya ja ƙanensa bayan situdiyo, ya gasa masa jiki da ruwan zafi. Auta yana tofar da jini yana zolayarsa, wai kankana ta fi shi sa'a, ita sau ɗaya ake fasa ta. Guduma ba ya dariya. Ya tsani hannunsa, ya tsani daraktan, ya tsani kansa fiye da kowa, kuma wadda zai je ya durƙusa wa ya nemi gafara tana ƙarƙashin ƙasa.

Ranar da abin ya faru, fitilun situdiyo sun gasa ɗakin kamar tanda. An zo wurin da bakanike zai ɓarar da galan ɗin mai, mai gareji ya mare shi. Guduma ya auna kunci kamar kullum, ya sako hannu. A daidai nan wani ƙwan fitila ya fashe a sama, Auta ya juya kai ya duba. Tafin ya sauka a shimfiɗe, cif a kan kunnen hagu. Ƙarar ta cika ɗakin har mai kyamara ya zabura.

Auta ya zube. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ihu a kan dukan ƙarya, yau ko tari bai yi ba. Bakinsa a buɗe, idanunsa na juyawa, wani siririn jini ya biyo wuyansa ya shiga riga. Jar fitilar kyamara tana kunne. Darakta a bayanta yana juya hannu kamar mai tuƙa tuwo, a ci gaba, a ci gaba. Guduma ya tsaya a kan ƙanensa, ya faɗi abin da aka rubuta masa, "Tashi, ragon banza," muryarsa ta tsage biyu. 'Yan kallo suka ce ba a taɓa yin wasa mai kyau irin na ranar ba.

A asibiti likita ya ce dodon kunnen ya fashe har ya taɓa ciki, wannan kam sai haƙuri, a lallaɓa na dama. Auta ya yi murmushi da kumburarren baki ya ce, "Yaya, bar kukan nan, ƙato da kai. Ai ɗaya ma ya ishe ni haɗa sauti."

Labari ya zaga gari cewa mai gareji ya kurmantar da bakanikensa. Ran da aka sallami Auta, Guduma ya zaunar da shi a benci a kantin magani kusa da tashar mota, ya tsallaka titi neman abin hawa. Wani mai faci ya ɗaga kai ya ce, "Ga azzalumin nan." Shi ke nan. Dutsen farko ya fasa masa gira. Kafin ya share jinin an rufe shi, 'yan dako da masu tura baro da fasinjojin da ba su ma san me ake ciki ba, kowa da abin da hannunsa ya kai, katako, sifana, ƙafar benci. Suka kai shi ƙasa suka shiga yi masa dukan kawo wuƙa. Wani ya take masa hannun dama da takalmi mai ƙarfe yana murzawa, yana cewa wannan ne hannun, wannan ne. Guduma da zai iya watsa biyar daga cikinsu da hannu ɗaya, ya dunƙule kawai ya bar su. A ransa yana ganin hakkin Auta ne ake karɓa.

Sai ga Auta ya keto taron, bandeji naɗe da kai, yana tangaɗi don jiri. Ya faɗa kan wansa ya rungume kansa yana cewa, "Yayana ne, wasa ne, ku bari, yayana ne." Wani ƙato ya riga ya ɗaga katakon gini da hannu biyu ya nufi ƙeyar Guduma. Ba a mayar da katako daga sama. Ya sauka a gefen kan Auta, ɓangaren dama.

Kowa ya ja da baya. Wani ya ce, "Kai, ai bakaniken ne." Masu ramuwar nan suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana jefar da abin hannunsa, tir da taron banza. Aka bar mutum biyu kwance cikin jini da baƙin mai, babban yana jijjiga ƙaramin yana kiran sunansa a kunne, wannan kunnen sannan wancan.

Auta ya tashi bayan doguwar jinya, amma duniya ta yi masa shiru har abada. Gidan ya ba shi ɗakin ajiyar faya-fayai, yana goge ƙura yana jera su. Guduma ya fito da yatsu uku a karkace da giɓin haƙora, ya ce ko za a yanka shi ba zai sake tsayawa gaban kyamara ba. Ya koma sassaƙa musu kujeru da bangayen ƙarya na wasanni. Darakta kuwa gaba ya ci, har ya shugabanci gidan, ya yi ritaya da lambar yabo.

Yau gidan bene ne hawa uku, hoto mai launi, tashoshi a garuruwa da dama, yara masu kwamfuta suna gyara shiri a zaune. Sai dai akwai abin da ya biyo su tun daga wancan zamani. A lokacin ana ɗaukar sautin wasan a tef don maimaitawa a rediyo washegari. Wani ya yanko marin nan ya ajiye, domin ba su da mai kyansa. Daga tef ya koma kaset, daga kaset ya shiga kwamfuta. Duk marin da kuka ji a tashar nan, a wasa ko a talla, shi ne. Yaran suna danna shi suna dariya, ba su san kunnen wa ke ciki ba. Guduma ya je sau biyu ya roƙi a goge, aka ba shi kujera da ruwan sanyi, aka ce za a duba.

Yanzu duk sun tsufa, gida ɗaya suke. Da la'asar sukan zauna a baranda da ƙaramar rediyo a tsakaninsu, domin Auta ya ƙi rabuwa da ita. Tafinsa yake ɗorawa a kan lasifikar, wai ta nan yake gane mai karanta labarai daga mai kiɗa. Wata la'asar ana wani wasa, aka saki marin. Guduma ya runtse ido, kafaɗarsa ta zabura kamar kullum. Auta ya ji bugun a tafinsa, ya kuma ga fuskar wansa.

"Nawa ne, ko?" Ya faɗa da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa.

Guduma ya gyaɗa kai.

Auta ya shafa rediyon. Can ya ce, "Ka san, Yaya, duk yankin nan ni kaɗai ne ban taɓa jinsa ba. Ko a ranar ma haske kawai na gani." Ya matso, ya kafa wa leɓen wansa ido don ya karanta amsa. "Faɗa mini gaskiya. Ya fita tsaf? Babu ƙugin waya a ƙarƙashinsa?"

Guduma ya buɗe baki, leɓen ya yi ta rawa ya ƙi haɗa kalma. Auta ya jira, ya jira, sannan ya kama karkataccen hannun nan ya ɗora shi a kan rediyon, ya danne da nasa.

"A hankali, Yaya," ya ce. "Ban gane ba. Sake faɗa."