Ranar da Maigidana Ya Auna Mahaifina da Bindiga

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har jikokina sai na kira sunan wani kafin in dace da na wanda nake nema. Amma ranar da maigidana ya ɗaga bindiga ya auna mahaifina a tsakiyar ido, ni kuma ina gefe ina ce masa ya gyara tsayuwa, wannan ranar kam ba ta cikin abin da mantuwa za ta ci.

Lokacin an gama yaƙin basasa ba da daɗewa ba, ba a ma canza kuɗi zuwa naira ba. Ina aure a wani ƙauye wajen Gafasa, iyayena kuma suna wajen Balan. Baba maƙeri ne. Yana ƙera garma da lauje kamar kowane maƙeri, amma abin da aka fi saninsa da shi gyaran bindiga, har daga Gaya maharba ke kawo masa. Maigidana kuwa manomin gyaɗa ne, yana da wata bindigar farauta ta Turawa mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi. Gadonta ya yi wurin mahaifinsa, da lasisinta da komai, kuma yana ji da ita ƙwarai.

Kowa ya san kunyar surukai, amma ta maigidana ta wuce misali. In ya hango Baba a kasuwa sai ya sake layi, ko da abin da ya zo saye yana gaban Baba. Wata rana yana cin ƙosai a kasuwar Ajingi aka ce masa ga surukinka nan tafe, ya tura ƙosan da zafinsa cikin aljihun riga, ya dawo gida da maiƙo har gwiwa, ni na sha wankin. In ya je gaisuwa, tun daga nesa zai tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida ƙasa, Baba kuma ya amsa wa bango. Na haifi 'ya'ya biyu a gidan nan, amma da za a tambayi Baba ko surukinsa yana da gemu, sai ya aiko a tambaye ni. Ni kuwa 'yar auta ce, bakina ba linzami, don haka duk saƙon da ke tsakaninsu ta kaina yake bi.

A wata damina, gyaɗa ta fara ƙosawa, sai jajayen birai suka gano gonarmu. A daidai lokacin ne kuma bindigar ta fara sako-sako a wurin karyawa, in an rufe ta sai ka ji tana ɗan girgiza. Na ce wa maigida ai abin ya zo gidan sauƙi, a kai wa Baba. Ya dube ni kamar na ce ya je kasuwa ba wando. Ya ce in rufa masa asiri, ta yaya zai zauna a maƙera surukinsa yana gumi a kan kayansa? Ranar kasuwar Ajingi ya naɗe ta a buhu ya kai wa wani mai gyaran keke, wanda ke cika baki cewa in dai abu ƙarfe ne bai fi ƙarfinsa ba, daga kwaɗo har keken ɗinki.

Da bindigar ta dawo, ko ni da ban san kanta ba na ga an yi mata aika-aika. Mutumin ya narka dalma ya cika wurin da ke girgiza. Garin dukanta da guduma ya tsaga ƙotar, sai ya sa zarto ya yanke wurin da ya tsage, ya naɗe sauran da robar tayar keke. Ta zama guntuwa, tana warin faci. Maigida ya yi ta jujjuya ta yana yabon aikin, irin yabon da namiji ke yi wa jakin da aka cuce shi a kansa.

Washegari da safe ya tafi gona. Ina cikin daka na ji ƙara, amma ba irin wadda na saba ji ba. Jim kaɗan sai ga shi ya shigo, hula ta rufe rabin fuska. Ashe da ya ja kunama bindigar ta buɗe kanta, wuta ta yo baya. Girar dama ta ƙone ƙurmus, kunci ya yi baƙi, ga tsaga a ƙarƙashin ido, saura kaɗan ta shiga idon. Da na tambaye shi biran fa, sai ya ce sun ɗan matsa kan suri sun ci gaba da cin abinsu. Na yi dariya ina shafa masa man shanu.

Dariyar ta ɗauke da yamma, da na tarar da shi a gindin rumbu yana naɗa wa bindigar waya. Wai yanzu ya gane inda matsalar take, da zarar kumburin ya sauka zai sake gwadawa. Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, don gyaɗar nan ita ce suturarmu da cefanenmu na shekara, birai kuma ba sa hutu. Amma na dubi yarana suna wasa a tsakar gida, na ji tsoro ya kama ni. Na san harbi na biyu ba gira zai ci ba.

Gardama da maigidana ba ta da riba, sai dabara. Akwai matan unguwarmu da za su je bikin suna wajen Balan, sai na nemi izinin in bi su in gaida Inna, in kai mata wata tabarma da na saƙa. Da safe na naɗe bindigar a cikin tabarmar a gabansa, bakinta ma yana ɗan leƙowa. Ya dubi tabarma, ya dubi sama, ya ce tabarmar nan da alama za ta yi nauyi. Shi da kansa ya ɗora mini ita a kai, har ya gyara mini gammo. Daga ni har shi babu wanda ya ambaci bindiga.

Baba ya warware tabarmar a maƙera, ya daɗe yana kallo. Ya taɓa robar, ya sa farce ya ɓanɓaro dalmar, ya tambayi wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan. Da na faɗa masa mai gyaran keke ne, sai ya ce to ai da sai a sa mata ƙararrawa da sirdi a huta. Inna ta yi dariya daga bayan danga, amma ni na ga ransa ya ɓaci. Ya ce shi da ake ɗauko bindiga daga wata ƙasa a kawo masa, a ce ta gidansa ce aka kai wa mai faci yana raye. Sai ya tambaye ni ko an harba ta bayan wannan ɓarna. Na sunkuyar da kai na ce an ɗan gwada. Maganar fuska ban yi ta ba, don ba na so a ce mijina ya sha kashi a hannun bindigarsa a gaban birai.

Na zauna a gida kwanakin da aka yi ana aikin, maigida kuma yana can yana gadin gona da majajjawa da tsohon gwangwani. Baba ya gasa wurin karyawar har dalmar ta zube tas. Ya zaro wata lanƙwasasshiyar ƙusa da mutumin ya cusa, ya ƙera sabon ƙarfe a madadinta, ya sake ƙera maƙullin da ke riƙe bakin in an rufe. Sai ya riƙa kara ƙarfen a hayaƙin fitila ya yi baƙi, ya rufe bindigar ya buɗe, inda baƙin ya goge nan zai sa magagari ya ɗan rage. Haka ya yi ta yi, ba gaggawa, har ta koma rufuwa da ƙara ɗaya, ko girgiza babu. Sannan ya ɗauko busasshen icen maɗaci ya fara sassaƙa sabuwar ƙota.

A nan aiki ya tsaya. Baba ya ce ƙota ba a gama ta sai da kafaɗar mai ita, don haka a aika maigidana ya zo. Aka aika. Washegari ɗan aike ya dawo da igiya mai ƙulli biyu, wai maigida ya ce a gaida Baba, wannan shi ne tsawon hannunsa. Baba ya ɗaga igiyar ya duba, ya ce a mayar masa, a gaya masa igiya ba ta da kunci kuma ba ta da ido. In ba zai zo ba, bindiga ta zauna a maƙera har birai su gama girbi.

Ya zo da hantsi, cikin babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya danno hula har kan ido. Ya tuɓe takalmi tun daga gindin bishiyar ƙofar gida, ya durƙusa a bakin maƙera. Baba ya juya wa ƙofa baya ya amsa gaisuwa. Sannan ya karya bindigar ya nuna mana babu komai a ciki, ya cire ƙusar da ke dukan harsashi ya jefa a aljihu, ya miƙo mini ita in miƙa.

"Ki ce masa ya tashi ya sa ta a kafaɗa."

Na ce wai ka tashi ka sa ta a kafaɗa, duk da tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Ya tashi ya sa, ya auna jinka. Baba ya ce in gaya masa ba ɓerayen rufi muke nema ba. Sai Baba ya zagayo ya tsaya a gabansa, ya kama bakin bindigar da yatsu biyu ya saita shi daidai idonsa. Ashe haka ake yi. Mai gyara zai leƙo ta saman bakin ya ga inda idon maharbi ya zauna, ta nan zai san inda zai rage a jikin ƙota. Wato dai sai maigidana ya auna surukinsa da bindiga, kuma ya dube shi ido cikin ido.

Gumi ya karyo masa. Ya ce mini a hankali in roƙi Baba ya yi masa afuwa, wannan ya fi ƙarfinsa. Na isar da saƙo har da ƙarin gishiri. Baba ya ce in ce masa ya daure. Ya daure ɗin, amma sai ya rufe idanu biyu gam. Aka ce ya buɗe, ya buɗe ya dubi yatsun ƙafarsa. Ni dariya ta cika mini ciki, ina jin Inna ma tana fama da tata a bayan danga. Baba ya ce in gaya masa ya tura hular nan baya, ya ɗago kai.

Ya tura hular, ya ɗago.

Na ga Baba ya tsaya cak. Wurin girar yana nan fayau, ga tsagar nan a ƙarƙashin ido ta fara kamewa, ga ɗigon baƙi a kunci. Baba ya san aikin wuta in ya gan shi. Ya sauke bakin bindigar ƙasa a hankali. Na gyara tsayuwa ina jiran a ce ki ce masa, amma bai ko dube ni ba.

"Ɗana, bindigar nan ce ta yi maka haka?"

"Ita ce, Baba."

"Da ba a kawo ta ba, za ka sake harbawa?"

Maigida ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa.

"Na ba ka 'yata ban ji ɗar ba," in ji Baba, muryarsa ta yi ƙasa. "Kai kuma ka gwammace a kawo mini gawarka da ka kawo mini ƙarfe. Da wane ido zan dubi yaran nan, in aka ce kunyata ce ta kashe ubansu?"

Ni da nake dariya ɗazu sai na ji hawaye a bakina. Tunda nake ban taɓa jin Baba ya yi wa mijina magana kai tsaye ba, kuma ban taɓa sanin haka yake ƙaunarsa ba.

Baba ya sake ɗaga bakin bindigar zuwa idonsa, ya ce, "Dube ni." Ya dube shi. Daga nan aikina na tafinta ya ƙare. Baba ya leƙa, ya karɓa ya sassaƙe kaɗan, ya mayar, ya sake leƙawa, yana gyara masa gwiwar hannu da kafaɗa da hannunsa, har ƙotar ta zauna masa daidai.

Bayan la'asar suka fita bayan gari gwaji, na bi su daga nesa. Baba ya mayar da ƙusar, ya sa harsashi, ya ɗaure bindigar a jikin kuka, ya ja kunama da doguwar igiya, ta tashi lafiya. Da aka kwance ta maigida ya miƙa hannu zai karɓa, Baba ya ture hannun. Ya ce wanda ya yi aiki shi ke fara sa kuncinsa, in da sauran mugunta a cikinta ta fara da shi. Ya sa ta a kafaɗarsa ta tsufa ya harba. Sai da ya buɗe ta ya duba ciki, sannan ya miƙa wa surukinsa da hannunsa, ba ta hannuna ba. Gyaɗar da birai suka rage mana a shekarar ta ishe mu.

Ban taɓa cewa a yar da kunya ba, ado ce, kuma da ita aka raine mu. Amma tun ranar na gane cewa kunyar da za ta hana mutum kai matsalarsa wurin mai ƙaunarsa, ta tura shi wurin wanda bai damu da ransa ba, ta tashi daga ladabi ta zama cuta. Shi ya sa yau da nake da surukai nawa nake gaya musu, su ji kunyata a kan hanya, su ji kunyata a gaban tuwo, ban hana ba. Amma ranar da wani abu ya lalace, su zo da kansu su dube ni a ido su faɗa mini.