Faɗan Goggo a Bakin Jita

Ɗan yayana haifaffen Jidda ne, yana jin Hausa sarai amma ba ya yi. Yana ƙarami wasu baƙi daga gida suka yi wa harshensa dariya, shi ke nan ya ɗinke bakinsa, ko gaisuwa sai da Larabci. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Ina dafa wa leburori abinci a unguwar Khumra, jikin wani sito. A nan shi da abokansa uku suka fara haɗuwa bayan an tashi aiki: biyu da jita, ɗaya da ganguna, shi da maƙogwaro. Wai sunan kiɗan thrash metal. Ni ranar farko na ɗauka injin niƙa ne ya haɗiye dutse. Na shiga da ludayi a hannu na wanke su tas.

"Marasa kunya! Uban wa ya aiko ku? Mutane sun gaji, ku ba ku gaji ba!"

Mai gangunan, wani siririn ɗan Filifin, maimakon ya tsorata sai ya shiga bin faɗana da sandunansa. Ɗan yayana ya ce da Larabci, "Goggo, don Allah sake faɗa."

Haka zagina ya zama waƙa. Ban taɓa ganin masu naci irin yaran nan ba, wallahi sun burge ni. Yatsa ya fashe, a naɗa salatif a ci gaba. Shekaru suka yi suna kaɗa wa kwalaye da ɓeraye kafin a fara gayyatarsu wasa. Amma a gaban jama'a Larabci da Turanci kawai yaron yake rerawa. Tawa waƙar a sito take kwana.

Da suka samu babban dandali, ya matsa sai na je. Na tsaya can baya cikin abayata, matasa suna ta ture juna kamar ana rabon kyauta. Can sai ya riƙe makirufo.

"Wannan na goggona ne," ya ce, da Hausa, a karkace.

Ganguna suka ɓarke. Larabawa da Indiyawa suna tsalle suna ihun uban wa ya aiko ku.

Da aka tashi ya zo jiƙe da gumi, ya durƙusa a gabana.

"Goggo, na iya?"

Na buɗe baki in yi masa gyara, kuka ya hana ni.