Tokar Gidan Burodi da Masarata

Duk shekarun da na yi ina noma a bayan garin Jalingo, akwai damina ɗaya da har in koma ga Allah ba za ta fita a raina ba. Shekarar ce maigidana ya karye a babur, gonar masara ta dawo hannuna ni kaɗai, ga yara biyar suna jiran tuwo.

Na taso ina ganin tsofaffi suna barbaɗa toka a gona. Su barbaɗawa suke yi, ni kuwa sarkin zumuɗi sai na roƙi wani mai gidan burodi a unguwar Majidaɗi, na yi ta kwasar tokarsa buhu-buhu ina jibgawa. Wai ni ga mai wayo.

Masara na kai gwiwa ta tsaya cak, sababbin ganye suka riƙa fitowa da farin zane. Na ƙara mata takin zamani, ko gezau.

Wata safiya na tarar da maƙwabtan gona su huɗu tsaye a kan iyaka. Dattijon cikinsu ya ce, "Maman yara, wannan cuta ce. Ki tuge ki ƙone kafin ta shigo namu. Kwana uku muka ba ki."

Na ce, "Baba, in ƙone mu ci me?" Suka juya suka tafi. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Rana ta uku ina tsaye da ashana a hannu, dattijon na gefe yana jira, sai ga ƙawata ta jawo malamin gona. Ya duba ganye, ya tona ƙasa da yatsa, ya ɗago ya dube ni. "Mama, wa ya ce ki zuba wannan tokar duka?" Ya ce wa dattijon ba cuta ba ce, yunwa ce. Akwai sinadarin zinki da shuka ke buƙata ɗan kaɗan, yawan toka ya ɗaure shi a ƙasa, saiwa ta kasa sha. Ya rubuta mini zinkin da zan fesa a ganye.

Bayan mako biyu sababbin ganye suka fito kore shar. Rabin abin da muka saba muka girba, amma mun ci.

Tun ranar ba na zuba komai a gona sai na tambayi wanda ya sani. Da malamin nan ya makara da awa ɗaya, da ni da hannuna na ƙone abincin 'ya'yana.