Ki Koma Gida Mana

Maƙwabcinmu a unguwar Satwa ta Dubai tela ne ɗan Maroko. Kullum zancensa ɗaya, baɗi zai koma gida in Allah ya yarda, har ya tsufa a kan keken ɗinki. 'Yarsa kuwa a Dubai aka haife ta, nan ta yi makaranta, ba ta taɓa zancen tafiya ba.

Da ya rasu bizarta ta mutu, don a ƙarƙashinsa take zaune. Ni na riƙa raka ta neman aikin da zai ba ta izinin zama. A ofis na ƙarshe manajan bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Khalas, ki koma gida mana."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, wane gida? A unguwar nan ta koyi tafiya!"

Ta ja mayafina ta ce, "Anti, ƙyale shi."

Haka ta tafi wajen dangin da muryarsu kawai ta sani a waya. Ranar da ta kira ni, ta ce can ma dariyar Larabcinta suke yi, suna ce mata baƙuwa.